Ka Bar Ƙungiya, Amma Ka Bar Mudunta?

 Gaisuwa ga iyayenmu makiyaya da ke ruga, da waɗanda ke bisa hanya da bisashe tun daga Ngaundare har Kye-Ossi. Gaisuwa ga 'yan kasuwar Abang-Minko'o, da na Bitam da Oyem, da direbobin da ke kwana a Ndjolé suna jiran gari ya waye su kama hanyar Librebil. Yau mun ajiye zancen farashin shanu da takardun kan iyaka. Maganarmu a kan mutumin da ya yi shekaru cikin wata ƙungiyar addini mai tsanani ce, wanda wata rana ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya fito. Me ke samun zuciyarsa bayan nan, kuma ina ya dosa?

Tun da wuri in faɗa muku, ba za ku ji na kama sunan wata ƙungiya da ke unguwarku ba, sai dai waɗanda tarihi ya riga ya rubuta. Tsanani ba rigar gida ɗaya ba ce. Ana samunsa cikin masu carbi, ana samunsa cikin masu ƙin carbi, ana samunsa a coci ma. Kuma ba riƙon addini da kyau nake kira tsanani ba. Mai tashi tsakar dare ya yi nafila, mai gudun riba, mai kiyaye awo, Allah Ya ƙara mana irinsu. Abin da nake nufi shi ne taron da ya ce maka shi kaɗai ne a kan gaskiya, ya hana ka bin sallar wanda ba nasa ba, ya hana ka cin yankansa, ya sa ka ga mahaifiyarka a matsayin ɓatacciya, sannan ya mai da tambaya laifi. In ka taɓa zama cikin irin wannan, ko kana da ɗa ko ƙani a ciki, to da kai nake.

Abin da ya taso da maganar saƙon murya ne da wani yayanmu ya aiko daga Nzeng-Ayong. Ga wanda bai taɓa sauka Librebil ba, Nzeng-Ayong babbar unguwa ce a gunduma ta shida, cike take maƙil da jama'a, da shataletalenta, da gadar sama, da filin ƙwallo. 'Yan ƙasa da baƙi a cakuɗe suke, gida na jingine da gida. Mutumin mai gasa nama ne, irin wanda can ake kira kupe-kupe. Ya ce ya yi shekaru cikin wasu 'yan'uwa da suka karɓe shi lokacin da ya sauka garin ba shi da kowa. Su suka ba shi wurin kwana, su suka tsaya masa ya sami takardar zama, su suka haɗa masa jari. Daga baya ya ga abin da zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya janye jiki. Yanzu ya ce in ya shiga masallacin unguwa, kafin ya tayar da kabbara idonsa ya riga ya auna ƙafar wandon liman, ya duba gemun na kusa da shi, ya lura da wanda ya yi ƙabalu da wanda ya yi sadalu. Ya ce ba ya so, amma idon ba ya jin magana. Tambayarsa ita ce, shin ya fita kuwa, ko yana ciki bai sani ba?

Yaya, ka fita da ƙafa. Mudun ne ya biyo ka.

Ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin wannan. Wanda ya yi shekara goma yana awo da mudu ɗaya, ko ka ɗauke mudun ka ɓoye, hannunsa ya riga ya san nauyin. Ƙungiya mai tsanani abin da take fara ba ka ke nan, ma'aunin mutane. Wannan namu ne, wancan ba namu ba ne. Wannan ya tsira, wancan ya halaka. Kuma ma'aunin yana da daɗin riƙo, kada mu yaudari kanmu. Yana rage wa mutum wahalar tunani. Baƙon da ya bar Maraɗi ko Katsina ko Garwa ya faɗo garin da ba ya jin Faransanci sosai, ba ya jin Fang ko kaɗan, ruwan sama na zuba wata takwas ko tara a shekara, giya a kowane lungu, in aka ce masa ga layi, duk wanda ke wannan gefe mutumin kirki ne, ai sai ya ji ƙasa ta tsaya a ƙarƙashin ƙafarsa. Saboda haka ban yarda a riƙa yi wa wanda ya shiga irin wannan taro kallon wawa ba. Mafi yawansu neman Allah ne ya kai su, da neman 'yan'uwa a baƙon wuri.

Tarihinmu ya nuna haka. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, daga arewacin Kamaru ya je Kano. Waɗanda suka taru gare shi a 'Yan Awaki galibinsu gardawa ne da samarin ƙauye da birni bai yi musu maraba ba. Ya tsine wa agogo, ya tsine wa keke, ya tsine wa wannan rediyon da kake saurarena da shi. A watan Disambar 1980 abin ya ƙare da mutuwar mutum fiye da 4,000, har da shi kansa. Amma mutuwarsa ba ta kashe mudun ba, don wutar ta sake tashi a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Ba kowane tsanani ke kai wa ga jini ba, wannan ma a faɗe shi. Akwai jama'ar Darul Islam da suka ƙaurace wa gari tun farkon shekarun 1990, suka kafa matsuguninsu kusa da Mokwa a Jihar Neja ta Najeriya, suna noma, suna karatunsu, suna cewa duniyar waje ta lalace. A watan Agustan 2009, 'yan makonni bayan rikicin Maiduguri, 'yan sanda suka kewaye wurin suka kwashe mutum kusan 4,000. Ba a sami makamai a hannunsu ba. Aka tsugunar da su a wata makaranta, daga nan aka mai da kowa jiharsa, baƙi kuma ƙasashensu. To ka ga, mota ta fitar da su cikin 'yan kwanaki. Amma yaron da aka haifa a can, wanda bai taɓa sanin wata duniya ba, ka ajiye shi a tasha ka ce ya koma gida, wane gida? Fitar jiki aikin yini ɗaya ne, ta zuciya kuwa tana cin shekaru, kuma ba ɗan sandan da zai yi wa mutum ita.

Bari mu zo kan abin da ake yawan ɓoyewa, wato kuɗin fita. A garinku, in ka bar wani taro, kana da dangi, kana da gona, kana da abokan ƙuruciya. A baƙunta ba haka ba ne. A Librebil ko Bitam, mutanen da kake sallah da su su ne masu ba ka kaya bashi ba takarda, su ne masu karɓar saƙon kuɗinka zuwa gida, su ne masu zuwa in an tsare ka a shingen hanya. Wataƙila a cikinsu ka yi aure. Kuma in ta Allah ta kasance, su ne za su wanke ka su kai ka. Wanda ya fita ya san duk wannan zai iya rasawa a mako guda. Waya ta daina ƙara. Wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya ya gan ka ya sauya hanya. Mata kuwa nasu ya fi nauyi, don sau da yawa ba su suka zaɓi shiga ba, miji ne ya shigar da su, kuma in suka ce sun gaji, aure da 'ya'ya ne a kan faifai. Yayata da ke saurare, in kina cikin wannan hali, kada ki yanke shawara ke kaɗai cikin dare. Ki nemi wani babba daga danginki na jini, ko dattijuwar unguwa da ba ta cikin taron, ta san halin da kike ciki.

Abu ɗaya da zan roƙi duk mai fita: ka fita da hannu mai tsabta. In akwai bashin wani a kanka, ka biya, ko ka je ka zauna da shi ku sa rana. In an ba ka ajiya, ka mayar. Saɓanin fahimta ba ya goge amana. Kuma alherin da suka yi maka ranar da ka sauka da 'yar jakarka, alheri ne har gobe, kada ka ce ba a yi ba.

Sai kuma daren farko, da na biyu, da na ɗari. Waɗanda suka bi ta wannan hanya suna ba da labarin tsoro. Mutum ya kwanta ya ji kamar ƙasa za ta haɗiye shi. Ciniki ya ɗan ja baya, ya ce ga shi nan, fushin Allah ne. Yaro ya yi zazzaɓi, ya ce alhakin fita ne. Dalili kuwa shi ne an daɗe ana haɗa masa Allah da ƙungiya a ƙulli ɗaya, har ya kasa raba su. Wannan ƙullin shi ne abu na farko da za a kwance, a hankali. Ubangijin da kake kira a ruga tun kana yaro kana bin maruƙa, kafin ka san sunan wata ƙungiya, Shi ne dai har yanzu. Alƙibla ba ta motsa ba don ka bar wani zaure.

Shakka ma za ta zo, kuma ba kai ne farau ba. Imam Gazali, mai littafin Ihya'u da malamanmu ke karantarwa a zaure, shi da kansa ya rubuta cewa ya yi kusan wata biyu cikin wata irin shakka da ta sa ya kasa amincewa ko da abin da idonsa ke gani. Daga baya, a 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, harshensa ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga. Ya bincika zuciyarsa ya ga neman suna ya cakuɗe da karantarwarsa. Ya bar kujera, ya bar albashi, ya tafi Sham da Ƙudus da Makka. Sai a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Shi ba ƙungiya ya bari ba, matsayi ya bari, amma abin lura a nan shi ne tsawon lokacin. Mutum irin Gazali bai warke a wata uku ba. Kuma cikin abin da ya rubuta bayan wannan tafiya akwai ɗan littafi musamman a kan taƙaita kafirta Musulmi, yana jan kunnen masu gaggawar fitar da mutane daga addini don sun saɓa wa mazhabarsu.

Amma ba sai mun je Bagadaza ba. Muna da namu a gida, kuma ku makiyaya naku ne ta jini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya rasu a Sakkwato a 1817, yana da malami da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya bi shi har Agadas don karatu. Malam Jibrilu mutum ne mai zafin kishin addini, har ya kai ga ganin cewa wanda ya dulmuya cikin wasu manyan zunubai ya fita daga Musulunci. Shehu bai bi shi a kan wannan ba. Ya rubuta ƙarara cewa mai saɓo mai saɓo ne, amma ba a kafirta shi da zunubi, wannan ita ce hanyar Ahlus Sunna. To ga inda nake so ka tsaya ka duba: bai zagi malamin ba. Bai ce shekarun da ya yi a gabansa asara ba ne. Har ƙarshen rayuwarsa yana yabonsa yana ambaton falalarsa a kansa. Ya ajiye kuskuren, ya riƙe mutumin.

A zamanin kuma akwai wasu ɗalibai da suka ɗan ɗanɗana ilimin tauhidi, sai suka shiga tare talakawa suna yi musu jarrabawa. Su sami makiyayi a bakin rijiya ko manomi a kasuwa, su ce kawo hujjar samuwar Allah irin ta malaman kalamu. In ya yi shiru, su ce ai wannan ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a aura masa. Ka ji fa, irin maganar da ake yi yau, an yi ta fiye da shekara 200 da suka wuce. Shehu ya tashi tsaye a kansu. Ɗansa Muhammadu Bello ya ruwaito cewa littattafan da ya rubuta don rushe wannan ra'ayi sun haura 50. Hamsin, don kare imanin mutumin da bai iya jayayya ba, wanda dai ya yi shahada, yana sallah, yana azumi. Baffa da ke ruga, in wani yaro ya dawo daga birni ya ce sallarka ta shekara sittin ba ta karɓu ba don ba ka iya amsa tambayarsa ba, ka sani an taɓa yi wa kakanninka haka, kuma Shehu gefensu ya tsaya.

Kada wani ya ce na mai da Shehu mai sassauci a komai. Ya yi jihadi daga 1804, kuma Shehu Laminu na Barno ya yi musayar wasiƙu masu zafi da mutanen Sakkwato a kan wa ya halatta a yaƙa. Wannan babi ne mai zaman kansa. Amma masu nazarin rubutunsa sun lura cewa a shekarunsa na ƙarshe, a littafi irin Najmul Ikhwani, ya ƙara buɗe ƙofa a kan abubuwan da malamai suka yi saɓani, yana hana a tsananta wa jama'a a kansu. Girma da ganin duniya ba su ƙara masa ƙunci ba.

Yanzu ina mai fita yake faɗawa? Wani tsalle ɗaya yake yi daga wannan taro zuwa kishiyarsa. Jiya yana cewa duk mai zuwa mauludi ya halaka, yau yana cewa duk wanda ba ya zuwa ya halaka. An gudu ba a tsira ba. Riga ya sauya, mudun na nan. Wani kuma abokan jiya yake mayarwa sababbin kafiransa, ba shi da hira sai tasu, ba shi da aiki a Facebook sai tona musu asiri. Wannan har yanzu su ke juya shi, ta baya ne kawai. Akwai kuma wanda in igiya ta tsinke sai ya watsar da komai, sallar ma ya ajiye, a gan shi da kwalbar Régab a mashaya yana cewa ai duk ƙarya ce. Shi ma ina ganin karatun da aka yi masa ne ya haddace da kyau: an ce masa ko mu ko wuta, da ya bar su sai ya ɗauka saura wutar.

Faɗin ƙirji ba shi ne haɗiye duk abin da aka miƙo ba. Ku makiyaya kun san ƙasar Gabon. Kore ce shar, daji ya rufe kusan kashi tara cikin goma na ƙasar, ruwa ko'ina. Wanda bai sani ba zai ce ga aljannar shanu. Amma kun san tsando na ciki, kun san sammore, kun san farar saniyarmu ba ta daɗewa a nan, shi ya sa ake loda su a mota daga arewa a kawo su don yanka, ba don kiwo ba. Ba kowane kore ne makiyaya ba. Amma makiyayin da ya ce saboda tsoron tsando ba zai sake fitar da garkensa daga shinge ba, yunwa ce za ta kashe masa su. Abin da gwani ke yi shi ne ya aika a dubo, ya tambayi waɗanda suka riga shi, ya lura da yadda dabba ke tashi da safe. Haka mai neman gaskiya bayan ya fito. Ya saurari malami fiye da ɗaya. Ya tambayi hujja ba tare da rashin kunya ba. Ya lura da malamin da in an tambaye shi abin da bai sani ba yake cewa Allah ne masani, da wanda ba a taɓa jin haka a bakinsa ba. Ya duba kuma ko wa'azin da yake ji yana sa shi ya ƙara tausayin iyalinsa, ko kuwa ƙara masa raina mutane yake yi.

A nan ne nake ganin zaman Nzeng-Ayong, da duk wahalarsa, makaranta ce da mutumin Kano ko Damagaram bai samu ba. A Gabon Musulmi 'yan tsiraru ne, wajen kashi ɗaya cikin goma, kuma da yawansu baƙi ne. Hausawa sun fi shekara 100 a Oyem da Bitam da Minvoul, suna zaune tsakiyar Fang, suna ciniki da su, ba su bar sallarsu ba. Shugaba Bongo ya musulunta a 1973, ya koma Umar, amma ƙasar ba ta sauya addini ba, kuma ba a kori kowa ba. Ka je masallacin Hassan II, wanda Maroko ta gina aka buɗe a 1983, ranar Juma'a ka dubi sahu. Ga Basanagale Batijjane, ga ɗan Muridiyya, ga mutumin Mali da na Gine da na Benin, ga Balarabe, ga ɗan Gabon da ya musulunta bara. Wani ya saki hannu, wani ya kama. Liman ɗaya, sujada ɗaya. In ka ce duk waɗannan sun ɓata sai ku 'yan ɗakin nan ashirin, ai ka ɗauki kaya mai nauyi a ka.

Wajen masallaci ma haka. Mai gidan da kake haya wataƙila 'yar coci ce. Maƙwabcinka wataƙila yana zuwa bikin Bwiti na gargajiyarsu. Ba wanda ya ce ka bi su, ba kuma wanda ya ce ka ce duk ɗaya ne. Amma ranar da ruwa ya cika kwata ya shigo ɗaki da dare, wa ke taya ka fitar da katifa? Ranar da matarka ke naƙuda, motar wa ake bugawa? Wanda aka koya masa cewa duk na waje abokin gaba ne, in ya ga alheri daga inda aka ce babu, sai lissafi ya rikice masa. Ka bar shi ya rikice. Daga nan gyara ke farawa. Gani ya kori ji.

Wannan shi ya sami wani baƙar fatan Amurka da da yawanku kun ji sunansa, Malcolm X. Ya yi shekara goma sha biyu yana wa'azi a wata ƙungiya da ke koyar da cewa farar fata shaiɗan ne tun asali. A watan Maris na 1964 ya bar ta. A watan Afrilu ya tafi aikin hajji, ya ci abinci kwano ɗaya da Musulmi farare, ya kwana kusa da su, ya ga abin da aka ce masa ba zai yiwu ba. Ya dawo ya faɗa a fili cewa ya sauya ra'ayi. Bai daina yaƙi da zaluncin da ake yi wa baƙar fata ba, ko kaɗan, sai dai ya daina auna mutum da launinsa. A watan Mayu ya biyo ta Ibadan, ɗalibai suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. A wannan tafiya ya haɗu da abokinsa ɗan dambe Muhammad Ali a Accra, Ali ya juya masa baya, don shi yana cikin ƙungiyar tukuna. Ranar 21 ga Fabrairun 1965 aka harbe Malcolm a New York yana da shekara 39. Bayan shekara goma Ali da kansa ya bi hanyar da Malcolm ya bi, kuma ya rayu yana cewa juya bayan nan na cikin abubuwan da ya fi nadama a rayuwarsa. Saboda haka wanda ya ƙi amsa sallamarka a kasuwar Mont-Bouët yau, kada ka rufe littafinsa. Ba ka san abin da ke tafasa a cikinsa ba. Ka ci gaba da yi masa sallama.

Sauran maganata ga iyaye da 'yan'uwa ce, ku da naku ke ciki har yanzu, ko ya fito yana raɓe-raɓe. Bayan yaƙin Siffin, a shekara ta 37 bayan hijira, dubban mutane suka ware daga rundunar Sayyidina Ali suka taru a Harura kusa da Kufa, suna kafirta shi. Masu yawan sallah ne da karatun Alƙur'ani, goshinsu duk ya yi kanta. Abdullahi ɗan Abbas ya nemi izini ya je wurinsu. Ya sa tufafinsa mafi kyau, ya shiga har inda suke, ya ce su faɗi abin da suke tuhuma. Ya bari suka gama, abu uku suka kawo. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hujja. Riwayoyi sun ce mutum 2,000 suka dawo, wasu riwayoyin sun faɗi fiye da haka. Sauran ba su dawo ba, wannan ma gaskiya ce. Amma waɗanda suka dawo, sun dawo ne ta hannun wanda ya taka ya je, ya kuma saurara kafin ya yi magana.

Ardo, Alhaji, Hajiya, in ɗanku ya dawo, kada ranar farko ta zama ranar ai mun faɗa maka. Ya riga ya faɗa wa kansa sau dubu. A ba shi fura, a ba shi aiki, a tura shi kasuwa da kuɗi don ya ga an amince masa. In ya ja baya ranar wani biki, ko ya ƙi cin wani abu, a ƙyale shi, mudun ne bai gama sakinsa ba. In kuma kuka ga barci ya ƙaurace masa, ba ya ci, yana maganar mutuwa, to abin ya wuce nasiha kaɗai, a haɗa da likita. Tambayoyin hukunci, irin su matsayin auren da aka ɗaura a can ko sallolin baya, a kai su gaban malamin da jama'ar gari suka daɗe da shaidarsa, ba wanda aka tsinta a waya ba.

Lokaci ya cim mana. Masu son a karanta saƙonsu a kan wannan batu, ku aiko, ba za mu ambaci suna ko unguwar kowa ba sai da izininsa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan takardun rigakafin dabbobi da ake nema a Kye-Ossi da Eboro, da abin da ya kamata mai raguna ya tanada kafin lodin Layya.